Ku Tambaya Mu Amsa: Mansa Musa, Zulƙarnaini da sauran mutanen da

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan watan kusan duk sun karkata ne kan mutanen da, manyan da suka rayu tun ba a san injin buga littafi ba, sai naga gara in haɗa su wuri ɗaya. Wasu na rage musu tsawo, wasu kuma tambaya ɗaya ce mutane da dama suka turo, sai na ɗauki wadda ta fi fitowa fili. Bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah wai da gaske ne Mansa Musa shine mai kuɗin da ba a taɓa yin kamarsa ba a duniya? A wani guruf na WhatsApp naga an ce dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, har gardama ta kaure tsakanina da abokin aikina a shago, shi yace duk ƙarya ce ta Turawa. Daga wani tela a Funtua.

Amsa: Toh ɗan'uwa, kai da abokin naka kowa ya kamo wani gefe. Mansa Musa dai mutum ne na gaske, sarkin Mali ne, ya hau gado wajejen 1312, kuma ya je hajji a 1324, wannan babu ja a ciki. Amma ita wannan biliyan 400 ɗin wani shafin intanet ne na Amurka mai lissafa dukiyar shahararrun mutane ya fito da ita a 2012, jaridu suka ɗauka, tana ta yawo har ta iso guruf ɗinku. Babu wani kundin ma'ajin Mali da ya iso hannunmu balle a ce daga cikinsa aka yi lissafin, kuma ma ta yaya za ka raba aljihun sarki da baitulmalin ƙasa a wancan zamanin?

Abin da ke hannu ma ya fi wannan lambar daɗin ji. Akwai wani malami ɗan Dimashƙu mai suna Al-Umari, ya zo Alƙahira shekara 12 bayan wucewar Musa ya tarar har lokacin maganarsa ake yi, sai ya riƙa bin waɗanda suka gan shi ido da ido yana tambaya yana rubutawa. Cikinsu har da jami'in da Sarkin Masar Nasir Muhammad ya ɗora wa tarbar baƙi. Shi wannan jami'in yace da ya nemi Musa ya taso su je fada gaisuwa sai ya riƙa kawo uzuri, wai shi hajji ya kawo shi ba wani abu ba, ashe abin da yake gudu shine al'adar fadar Masar ta a faɗi a sumbaci ƙasa gaban sarki. Da ƙyar aka shawo kansa, da ya shiga kuma sai yace shi Allah da ya halicce shi zai yi wa sujada, sannan ya sa goshi a ƙasa. Ni wallahi wannan wajen ya fi burge ni akan duk maganar zinaren.

Zinare kam an ga zinare. Al-Umari yace babu mai muƙami a fada da bai samu rabonsa ba, kuma kafin zuwan mutanen Mali misƙali ɗaya na zinare baya sauka ƙasa da dirhami 25, bayan zuwansu sai ya koma baya wuce 22, haka ya zauna shekara da shekaru, kamar dai tumatir in ya yi wa kasuwa yawa. Kaga faɗuwa ce ta gaske, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa wai ya durƙusar da Masar gaba ɗaya ba.

Sai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. 'Yan kasuwar Alƙahira sun cuci baƙin nan ƙwarai, rigar dinari 1 sai a sayar musu dinari 5. Da Musa ya dawo daga Makka kuwa guzuri ya ƙare tas, sai da ya ci bashi da riba mai nauyi kafin ya kama hanyar gida. Wani attajiri ɗan Iskandariyya, Sirajuddin ɗan Kuwaik, ya biyo bashinsa har ƙasar Mali, ajali ya riske shi a Tumbutu, ɗansa ne ya ƙarasa ya karɓo kuɗin ya koma Masar.

Ka lura da wani abu game da yawan kayan. Wani ya faɗa wa Al-Umari kaya 100 na zinare ne, Ibn Khaldun ya ji 80 ne. Shi kuwa adadin mutum 60,000 da kowa ke maimaitawa, daga littafin tarihin da Sa'adi ya rubuta a Tumbutu ya fito, fiye da shekara 300 bayan hajjin. Kuma a cikin ayarin nan akwai bayi dubbai da suka taka Sahara da ƙafa ɗauke da kaya, ko mutum ɗaya cikinsu ba a rubuta sunansa ba, wannan ma yana cikin labarin, bai kamata ƙyallin zinare ya rufe mana ido akansa ba. Ka gaya wa abokinka ba Turawa suka ƙirƙiro Musa ba, Larabawan da suka ci kyautarsa ne suka fara ba da labarinsa, Turawa daga baya suka biyo, a 1375 ma sun zana shi a wata taswira a tsibirin Mayorka yana zaune da kambi yana riƙe da dunƙulen zinare.

Tambaya: Malam ni abin da ke ɗaure min kai shine, tunda babu maɗaba'a babu fotokwafi, ta yaya littafin mutum kamar Ibn Sina ko Imamu Bukhari ya karaɗe duniya? Kuma ta ina za mu tabbatar ba a canza abin da suka rubuta ba? Daga wani ɗalibin likitanci a Zariya.

Amsa: Ƙanena ka yi tambayar da ta fi kowacce kwanta min a rai, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Da hannu aka yi komai. Kowane kwafi ɗaya na kowane littafi wani bawan Allah ne ya zauna ya lanƙwashe ƙafa ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta shi harafi harafi. Mu nan ai bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, tunda har gobe akwai alarammomi a Kano da Borno masu rubuta Alƙur'ani da ka, su yi masa wasali da zayyana a sa a gafaka. Toh haka mafi yawan duniya take kafin Gutenberg ya buga littafinsa na farko babba a Mainz ta Jamus wajejen 1455. Mutanen Sin sun riga shi daɗewa, akwai littafin da aka buga da sassaƙaƙƙen katako mai ɗauke da kwanan watan 868, amma wannan fasahar ba ta zama hanyar yaɗa littafi a ƙasashen Musulmi da Turai ba.

Abin da ya zo daga Sin ya canza komai shine takarda. Kafin ita a fata ake rubutu ko a bardi na Masar, wato shafin da ake yi da karan wata ciyawar kogi, kuma fata tsada gareta, akwai wani Baibul guda ɗaya da aka rubuta a Ingila wajejen shekara ta 700 da ya cinye fatar maruƙa kusan 500. Waye zai iya mallakar littafi a haka in ba sarki ko babbar majami'a ba? Sana'ar takarda ta fara kafuwa a Samarƙandi, kafin ƙarshen ƙarni na 8 zamanin Haruna Rashid ana yin ta a Bagadaza, daga tsumma ake yi, sai littafi ya yi arha. Nan aka samu masu sana'ar da ake kira warraƙai, su ne masu sayar da takarda, su ne masu kwafa, su ne masu ɗinke littafi da sayar da shi. Marubucin tarihi Ya'aƙubi ya ƙirga musu shago sama da 100 a unguwa ɗaya a Bagadaza. An ce Jahiz ɗan Basra hayar shagunansu yake yi ya kwana a ciki yana karatu. Wani daga cikinsu, Ibn Nadim, a 987 ya zauna ya jera sunayen duk littattafan da ya sani da Larabci da marubutansu, kuma abin baƙin ciki mafi yawan abin da ya lissafa yau suna ne kawai ya rage.

Tunda likitanci kake karanta bari in ba ka na Ibn Sina. An haife shi kusa da Bukhara wajejen 980, ya rasu a Hamadan 1037. Shi da bakinsa ya faɗa wa ɗalibinsa Juzjani cewa akwai wani littafin Aristotal da ya karanta sau 40 har ya haddace shi amma bai gane ba, ya fid da rai. Wata rana da la'asar yana kasuwar littattafai sai dillali ya miƙo masa wani ɗan littafi, ya ƙi karɓa, dillalin yace saya mana, mai shi kuɗi yake buƙata, dirhami 3 ne kawai. Ashe sharhin Farabi ne akan wancan littafin. Ya koma gida ya karanta, komai ya buɗe masa, washegari ya fita ya yi ta sadaka don godiya ga Allah. Ka duba fa, da mai littafin nan bai shiga matsi ba ko da dillalin bai nace ba.

Littafinsa na likitanci, Alƙanun, wani Bature Jirad ɗan Kiremona ya juya shi zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, aka yi ta koyar da shi a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. Amma shi wannan Ibn Sinan yana da wani babban littafin da sojojin Gazna ta Afganistan suka wawushe da kayansa a Isfahan, bai sake rubuta shi ba, ya tafi kenan sai 'yan guntaye. Littafin da bashi da kwafi da yawa gobara ɗaya ko yaƙi ɗaya ya ishe shi.

Maganar canzawa kuwa, eh, mai kwafa mutum ne, yana tsallake layi, yana gyangyaɗi, wani ma ya ga kamar marubucin ne ya yi kuskure ya “gyara” ya ɓata. Malaman hadisi su suka fi kowa ɗaukar matakin wannan. Ba ka isa ka ɗauki littafi a kasuwa ka fara ruwaito shi ba, sai ka zauna gaban malamin da ya ji shi daga malaminsa, a karanta kana bi da naka kwafin, a gwada naka da nasa, sannan a rubuta a ƙarshen littafin wane da wane sun halarci karatun, a wuri kaza, ranar kaza, a ba ka ijaza. An ruwaito daga Firabri ɗalibin Bukhari cewa mutum 90,000 suka ji Sahihi daga bakin mai shi. Bayan kusan shekara 400, a Dimashƙu, wani malami Yunini ya tara tsofaffin kwafi na ruwayoyi daban daban ya bi su kalma kalma, duk inda suka saɓa ya sa alamar wane ne ya ce kaza, a zama 71, kuma cikin masu halarta har da Ibn Malik mai Alfiyya ɗinnan da ake haddacewa a zaurukanmu, yana warware abin da ya shafi nahawu. Da Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu na Turkiyya ya sa aka buga Sahihi a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar a shekarun 1890, akan aikin Yunini aka dogara. Toh kaga ba a banza ya iso mana ba.

Abin da ke damuna shine mu jikokin masu wannan tsantsenin, yau sai a turo mana magana a waya an jingina ta ga Ibn Sina ko Imamu Shafi'i babu littafi babu shafi, mu tura gaba ko tambaya babu.

Tambaya: Assalamu alaikum. A makarantar boko an koya mana Iskandar Mai Girma, a wajen tafsiri kuma naji wani malami yace shine Zulƙarnaini na cikin Suratul Kahfi. Haka ne? Daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tafsiri yana da ma'abotansa, ni tarihin zan kawo sai a ɗora a sikeli.

Malamin da kuka ji ba shi ya fara faɗa ba, tun da akwai masu tafsirin da suka tafi akan haka, Fakhruddin Razi ma ya karkata can, hujjarsa ita ce wanda ya mallaki gabas da yamma ba zai ɓoyu a tarihi ba, kuma wanda tarihi ya sani da haka Iskandar ne. Amma shi kansa Razin ya ce akwai matsala babba a ciki. Ibn Taimiyya da Ibn Kasir kuwa cewa suka yi sam mutum biyu ne, Zulƙarnaini mumini ne adali kuma ya riga Iskandar da nisa.

Shi Iskandar ga abin da aka sani. An haife shi a Makidoniya shekara 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotal ne ya koyar da shi, ya gaji ubansa Filib yana da shekara 20. Ya karya Dariyus sarkin Farisa a 333 ya sake karya shi a 331, ya kafa Iskandariyya a Masar, ya kai har Indiya inda sojojinsa suka ce sun gaji ba za su ƙara gaba ba, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Jarumta kam ba a magana. Amma Baba mutumin nan gumakan Girkawa yake yi wa yanka, ya ratsa hamada ya je ɗakin tsafin Amun a Siwa aka kira shi ɗan abin bautar ya kuma karɓa. Ya rushe birnin Tibis na Girka ya sayar da mutanensa bayi, ya ƙona fadar Farisawa, a Samarƙandi kuma cikin maye ya soke amininsa Kilitus da mashi, mutumin da ya taɓa ceton ransa a fagen yaƙi. A ɗora wannan kusa da wanda Alƙur'ani ya siffanta, wanda aka yi masa tayin lada ya ƙi yace abin da Ubangijina ya ba ni ya fi, da ya gama gina katangar kuma yace wannan rahama ce daga Ubangijina. Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da maganar Ibn Kasir.

Inda ruɗanin ya samo ƙarfi shine bayan mutuwarsa an buga kuɗi da hoton kansa da ƙahon rago na Amun, sannan aka yi ta ƙaga tatsuniyoyi akansa da harsuna da yawa. Waɗanda suka bi shi yaƙi sun yi rubutu amma nasu ya ɓace, wanda aka fi dogara da shi yau, Ariyan, ya yi nasa ne fiye da shekara 400 bayan mutuwar Iskandar yana ɗebowa daga nasu. Wasu malaman da sun ce Zulƙarnaini ɗaya ne daga sarakunan Himyar na Yaman, a ƙarni na 20 kuma Abul Kalam Azad na Indiya ya kawo hujjoji cewa Kurush ne, sarkin Farisa da ya ci Babila a 539 ya bar Bani Isra'ila suka koma gida. Alƙur'ani dai bai faɗi sunansa na yanka ba.

Tambaya: Salahuddin Ayyubi Balarabe ne ko Baturke? Kuma wai da gaske ya mutu bai bar komai ba? Daga wani mai shayi a Kumasi.

Amsa: Ko ɗaya, ɗan'uwa, Bakurde ne, an haife shi a Tikrit ta Iraƙi. Ya ci yaƙin Hiɗɗin a watan Yuli 1187, ya karɓi Ƙudus ranar 2 ga Oktoba ba tare da irin kisan gillar da 'yan Salibiyya suka yi a 1099 ba, fansa aka yanka, namiji dinari 10 mace 5, da yawa aka yafe musu, waɗanda suka kasa biya kuma dubbai sun faɗa bauta, wannan ma a faɗe shi. Ya rasu a Dimashƙu a Maris 1193. Alƙalin rundunarsa Ibn Shaddad, wanda ya zauna da shi shekarunsa na ƙarshe, shi ya rubuta cewa abin da aka samu a taskarsa dirhami 47 ne da zinare guda 1, sai da aka yi rance aka yi masa sutura, kyauta ta cinye komai. Ibn Shaddad masoyinsa ne, gaskiya, amma ko Ibnul Asir da ke yawan sukarsa saboda shi mai goyon bayan gidan sarautar Zanki ne da Salahuddin ya karɓe wa mulki, bai musa kyautarsa ba.

Tambaya: Malam kullum maza ake lissafawa. 'Yan ajina mata sun tambaye ni ko babu mata a cikin manyan mutanen da, na rasa me zan ce bayan Sarauniya Amina. A taimaka min. Daga wata malamar sakandare a Maraɗi.

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Akwai su, sai dai masu riƙe da alƙalami a lokacin maza ne, shi yasa sai an tona.

Ki fara musu da Karima Marwaziyya, don ni a wajena ta fi sarauniyoyi. Malamar hadisi ce da ta zauna a Makka, ta rasu wajejen 1070 tana kusan shekara 100. Sahihul Bukhari take karantarwa, manyan malamai suna zuwa su durƙusa gabanta, Khaɗibul Bagdadi da kansa a wajenta ya karance shi cikin kwana 5. Wani ɗalibinta yace ya kwafi wasu shafuka daga littafinta yana so ya je ya gwada shi kaɗai, tace a'a, sai dai ka gwada tare da ni. Ruwayarta na cikin waɗanda malaman baya suka dogara da su, wato hannunta na cikin Bukharin da ke gidajenmu.

Sai Shajaratud Dur ta Masar. Baiwa ce ta zama matar Sarki Salih Ayyub. A 1249 sarkin Faransa Luwis na 9 ya kawo yaƙi ya ci Dimyaɗ, ana cikin haka mijinta ya rasu a Mansura, ta ɓoye mutuwar, ana ta kai abinci ɗakinsa ana fitar da takardun umarni da sunansa don kada sojoji su watse, har aka karya Faransawa aka kama sarkinsu a 1250. Ta hau mulki da kanta kwana 80, aka buga kuɗi da sunanta aka ambace ta a huɗubar Juma'a. Ƙarshenta bai yi kyau ba, rikicin fada ya ci ta a 1257. A Delhi akwai Raziya da ta yi mulki 1236 zuwa 1240, a Yaman akwai Arwa da ta riƙe ƙasa shekaru masu yawa daga garin Jibla har ta rasu 1138.

Za ki ji ana yawan ambaton Faɗima Fihriyya, cewa ita ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a 859 da gadon mahaifinta, wanda daga baya ya zama jami'a. Ki faɗa musu, amma ki haɗa da cewa wanda ya fara rubuta labarin, Ibn Abi Zar'i, ya zo ne fiye da shekara 400 bayanta. Haka ita ma Amina, Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wato 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙenta a rubuce. 'Yan matan nan za su iya ɗaukar wannan, ki koya musu su riƙa tambayar wa ya faɗa kuma shekara nawa ke tsakaninsa da abin, ba zai rage musu son Amina ba.

Tambaya: Wai Ibn Battuta ya zo Kano? Wani yace min har Kurmi ya shiga. Daga wani direban babbar mota a Agadas.

Amsa: Bai zo Kano ba ɗan'uwa, amma abin da zai ba ka mamaki shine ta wajenku ya bi. Ya bar garinsu Tanja ta Maroko a 1325 yana da shekara 21 da niyyar hajji, tafiya ta yi tafiya har ya yi alƙalanci a Delhi da tsibiran Maldif. Tafiyarsa ta ƙarshe ce ya yo kudu, ya taso daga Sijilmasa a farkon 1352, ya bi ta Tagaza inda ya ga gidaje da masallaci an gina su da gishiri an rufe da fatun raƙuma, ya isa Mali zamanin Mansa Sulaiman ɗan'uwan Musa. Bai ji daɗin Sulaiman ba ko kaɗan, yana jiran riguna da zinare sai aka aiko masa da gurasa 3 da soyayyen nama da ƙwaryar nono, ya kira shi marowaci. Amma ya yabi mutanen, yace matafiyi baya tsoron ɓarawo a ƙasarsu, ranar Juma'a in ba ka yi sammako ba ba za ka samu wajen sallah ba, kuma suna matsa wa yara sosai akan haddar Alƙur'ani.

Daga Tumbutu ya bi kogi zuwa Gao, sannan ya hau raƙumi zuwa Takadda a 1353, wadda masu binciken ƙasa ke ganin ita ce Azelik, can yamma da Agadas wajen Ingal. Ya ga yadda ake haƙo tagulla a narka ta a yi sanduna, sirara da masu kauri, da su ake cefane, a sayi nama da itace da gero. Yace ana kai tagullar nan Gobir da Barno, Barno kuma tafiyar kwana 40 ce, sarkinta Idris baya bayyana ga jama'a sai ta bayan labule yake magana. Wannan ambaton na Gobir yana cikin mafi daɗewar abin da aka rubuta game da wata ƙasar Hausa, kuma da ji ya ji shi ba gani ba. A Takadda saƙon Sarkin Maroko Abu Inan ya same shi cewa ya dawo, ya bi ayarin da ke ɗauke da bayi mata kusan 600 ya ratsa ta Abzin ya koma Fas. A Kano lokacin Sarki Yaji ne ke kan gado, wanda Tarihin Kano yace a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da addini.

Shi ma ba da hannunsa ya rubuta tafiyar ba, shifta ya yi wa wani magatakarda ɗan Andalus, Ibn Juzai, shi kuma ya ƙawata, har ya ɗebo bayanin Makka da Dimashƙu daga littafin Ibn Jubair da ya riga su. Tun yana raye mutanen Fas ke raɗa cewa yana ƙari, musamman labaran kyautar sarkin Delhi. Ibn Khaldun yace ya kai wa waziri wannan maganar, wazirin ya gargaɗe shi kada ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganin irinsa ba, ya ba shi labarin yaron da ya tashi a kurkuku tare da ubansa, da aka ce masa naman da suke ci na rago ne sai yace Baba, rago kamar ɓera yake? Don ɓera kaɗai ya taɓa gani. Masana na yanzu suna shakkar wasu sassan tafiyar tasa, kamar zuwansa Bulgar can arewa, amma ɓangaren Mali da Takadda an yarda ya taka da ƙafarsa.

Masu tambaya akan Shehu Magili da Muhammadu Rumfa, da wanda ya tambayi wasiƙar da Mai na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a 1391, ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.